Yadda Za Ka Samu Kakan da Ya Koya wa Ƙauye Karatu

Kawu Sixten ya ce kakan kakanmu Halvard ne ya koya wa duk ƙauyen nan karatu. Don haka, wai, shi ya kamata a ba shugabancin ƙungiyar tarihin gari ranar Asabar, ba Majvor mai gidan burodi ba. Na nazarci dabararsa. Bi ta, kai ma sai ka yi asali, tabbas.

1. Zaɓi mamaci

Ban da na bara, akwai masu tuna shi. Wanda ya shekara ɗari da hamsin a ƙasa kuwa, duk abin da ka ce ya yi, ya yi.

2. Samo masa fuska

Je wajen 'yan gwanjo ka sayi hoton wani mai gemu da tabarau, ka rataya a falo. In an ce bai yi kama da ku ba, ka ce karatu ne ya ramar da shi.

3. Je ɗakin tsofaffin takardu na gunduma

Kar ka buɗe komai. Sha kofi, ci burodin kirfa, yi tari mai ƙarfi a gan ka. Masana sun tabbatar ƙura a hannun riga ta fi digiri.

4. Guji littafin fasto

Fastocin zamanin da, duk shekara sukan bi gida-gida suna gwada karatun kowa, su rubuta sakamako. Ba sa yar da takarda.

5. Kar ka tafi taro da 'yar ƙanwarka

Balle wadda ta koya wa kanta karanta rubutun mutanen da. Kawu kuwa da ni, 'yar ƙanwarsa, ya tafi.

A wurin taron, Majvor ta turo min hoton shafin gidanmu daga littafin fasto. "'Yata, idona ya yi rauni, karanta mana."

"Da ƙarfi, Tindra!" in ji Kawu. "Su ji jinin da ke jikinki."

"Kawu, ka tabbata?"

"Ke, ni za ki gaya wa gidanmu?"

Na karanta: "Halvard. Bai san ko harafi ɗaya ba. Ya yi barci lokacin gwaji." Shekara sha ɗaya, magana ɗaya. A ta sha biyu fasto ya ƙara: "Da minshari."

Majvor ta ɗaga buta. "Sixten, a ƙaro maka kofi? Kar abin gado ya motsa."

Gargaɗi

In ka rasa kujerar shugabanci, ko kawunka ya daina amsa gaisuwarka, babu ruwana. Ni karatu kawai na yi, abin da Halvard bai taɓa yi ba.