Maganin Jazuli

Na fara ganin Jazuli ne a rumfar mai tsofaffin littattafai a Sabon Gari. Na ɗauko wani littafin soyayya da damina ta taɓa, ya karɓa daga hannuna, ya shinshina, ya faɗa mini sunan fumfunar da ta ci bangonsa da wani dogon Turanci. Ni da makarantata ta tsaya a aji uku, sauran karatun duk a ɗaki na koya wa kaina, sai na ji kamar waƙa aka rera mini.

Yau shekara uku ke nan. Duk Juma'a bayan la'asar yana zaurenmu. In shimfiɗa tabarma, in kawo dambu da kunun aya, shi kuma ya buɗe hirar abin da yake haɗawa a ɗakin gwajin jami'a. Wani sinadari ne dangin roba, wai idan an shafa zai tsinci ƙwayar da ke kawo kyasbi da makero ita kaɗai ya fasa ta, ya bar sauran ƙwayoyi masu amfani lafiya lau. Samari biyu na sallama saboda Jazuli. Maganar turo magabata kuwa, kullum sai an kammala gwaji. Ɓerayen da ya fara gwajin a kansu har sun ga jikokinsu.

Juma'ar da ta wuce Baba ya ce in ji inda Jazuli ya dosa, in ba haka ba a naɗe tabarmar. Na bari sai da ya kai rabin kwano, sannan na ce, “Malam Jazuli, wai shi maganin nan naka, yaya yake gane mai cutar a cikin masu amfani?”

Ya gyara zama, fuskarsa ta washe. “Yawwa Badi'a, yau kin yi tambaya. A fatarta yake gane ta, amma halinta ma ba ya ɓuya. Wuri mai laima take samu ta baje. Ci kawai take yi, ba ta ƙara wa jiki komai, kuma ba ta tashi don kanta sai an kore ta.”

“Ikon Allah. Har tsawon wane lokaci take zama?”

“In an ƙyale ta? Shekaru.” Ya ɗaga kofin kunun ya shanye, ya goge baki. “Shi ya sa nake so ki ƙara haƙuri, gimbiya. Saura gwaji a kan zomaye. Ki yi mini alkawari za ki jira, da bakinki nake so in ji.”

Na jawo kwanon dambun gabana, na rufe shi da faifai.

“Na yi alkawari zan jira har Babbar Sallah. In ta wuce ban ga kawunnanka da goro ba, ka bar zomayen nan su huta. A zauren nan zan kammala maka gwajin.”