Takwarar Teta Ta Ci Abincin Gida

"...lafiya lau, Teta, sai dai kewarki da ta hana ni sakat."

"Kewata ko kewar firizata? Tsaya nan bakin ƙofa, ja'iri, kada ƙafarka ta taɓa mini darduma."

Ina zaune a kicin ɗin Teta Ni'imat ina taya ta tsinke ganyen lalo na ji wannan gaisuwa tsakaninta da jikanta Hazim. Ƙofata da tata suna kallon juna a hawa na uku a nan unguwar Shubra, kuma duk gidan benen ya sani, in Hazim ya sauko wurin kakarsa har rediyo kashewa ake yi, don shirinsu ya fi daɗin ji.

Ran nan sai ga shi rungume da akwatin gilashi. A ciki akwai mesarsa, irin ƙaramar nan da ke dunƙulewa in ta tsorata, wadda ya rena tun tana kamar igiyar takalmi. Jibi zai tafi aikin soja na dole. Uwarsa, da suke zaune tare a hawa na sama, ta rantse ranar da ya fita ranar macijiyar za ta fita. In Teta ba ta karɓe ta ba, gobe sai kasuwar Juma'a. Ga shi kuma ta daɗe da ƙin cin abinci har ƙashin bayanta ya fara fitowa, kuma kowa ya san dabba ramammiya ba ta daɗewa a hannun 'yan kasuwa.

"Ummu Wa'il, ke ce shaida," in ji Teta, ta juyo gare ni. "Da safen nan na buɗe robar alewar riɗi ina neman lalon da na daskarar. Me na gani? Ɓeraye! Farare tas, a jere, kowa ya naɗe hannu a ƙirji kamar masu jiran a sallace su."

"To laifin wa?" in ji Hazim. "A gidan nan wace roba ce ta taɓa ɗaukar abin da aka rubuta a jikinta? Robar askirim, tafarnuwa. Gwangwanin biskit, zare da allura. Ni tsarinki na bi."

"Tun yaushe tattabaruna ke kwana da ɓera?"

"Tun da Mama ta kore su daga tata firizar. Kuma kin ga tun lokacin fatarki sai sheƙi take yi."

"Allah Ya isa tsakanina da uwarka, da ta haifo ka ta turo mini."

Ya ajiye akwatin a kan teburin kicin, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce a hankali. "Ni'imat ƙarama, fito ki gaida takwararki."

Teta ta dafe ƙirji. "Kin ji ko? Jikokin mutane suna aure, su haihu, su sa wa jaririya sunan kaka. Nawa ya rasa wanda zai sa wa sunana sai maciji."

"Ai kun yi kama ne. Tana son ɗumi, ba ta son hayaniyar kowa sai tata, in ta yi fushi ta dunƙule ta daina kula mutane. Haƙora ma duk kanwar ja ce."

"Haƙorana sun fi naka fari, ɗan nema."

"Dole su fi. A kofi suke kwana."

Ta ɗaga ludayi, ya kare kansa da murfin tukunya. Da ƙura ta lafa sai ya sassauta murya.

"Teta, ki riƙe mini ita har in dawo. Ba ta haushi, ba ta kuka, ba ta neman kowa da faɗa. Ta fi duk surukanki sauƙin zama."

"Wannan gaskiya ne, amma a'a. Ni da ko kyanwa ban ajiye ba? In mutu a ɗaki, a zo a tarar maciji na yi mini zaman makoki?"

"To bari in gwada ba ta abinci a nan ko sau ɗaya. A sama Mama na ta faɗa, ita kuwa ba ta ci cikin tashin hankali."

"Ba ta, ka kwashe ta ku tafi. Kuma ka haɗa da gawarwakinka."

Ya ciro ɓera ɗaya daga robar, ƙanƙararre kamar dutse, ya sa shi a leda ya ƙulle. Ya miƙa hannu zai ɗauki kwano.

"Kai! Wannan kwanon kwaɓin fulawata ne! Ga kwanon askin marigayi kakanka can. Shi ma bai taɓa ganin abin kirki a ciki ba sai fuskarsa."

Hazim ya zuba ruwa mai ɗan ɗumi, ya nutsa ledar, ya danne ta da cokali. Teta ta leƙa, ta taɓe baki.

"A wannan ruwan? Sai ka gama soja bai narke ba. Ga wuta na ci, jefa shi a tafasasshe."

"In ya dahu ba za ta ci ba. Kuma cikinsa fashewa zai yi, kicin ɗinki ya yi warin da ko turaren Umra ba zai kore shi ba."

"To a soya masa tafarnuwa mana."

"Teta, maciji ne, ba mijinki ba."

"Mijina ya fi ta sauƙi. Ko takalmi na dafa masa cewa yake Allah Ya yi wa hannuna albarka."

"Tsoro ne, Allah Ya jiƙansa."

Ruwan ya huce, ya sake wani, ya kuma sakewa. Teta ta zuba mana shayi, nasa ta cika shi da sukari yadda yake so, tana miƙa masa tana cewa ba don shi ta dafa ba.

"Wai kai ne za a ba bindiga," ta ce. "Ummu Wa'il, kin tuna ranar da kyankyaso ya fito masa a banɗaki? Sai da na shiga da silifa na cece shi."

"Lokacin ina yaro."

"Bara ne."

"Shi ya sa ƙasa ke buƙatarki a nan, ki riƙe gida. Taɓa mini cikin ɓeran nan, ki ji ko ya saki."

"Ni? Allah Ya kiyaye."

"Ta bayan leda ne. Ke da kike latse tumatir ɗin Ammu Sabir mai kayan miya har ya yi kuka."

Ta juya kai gefe, ta miƙa yatsu biyu ta latsa. Sai ta sake latsawa, wannan karon da idon gwana. "Da saura. Can tsakiya akwai sanyi. Haka za ka ba ta ya ƙulle mata ciki? Ƙara ruwa."

Ya ƙara, yana ɓoye murmushi. Da ɓeran ya saki sarai, ya sa shi a ruwa mai ɗan zafi don jikinsa ya yi ɗumi, saboda da ɗumin jiki take gane abinci. Ya zare murfin akwatin, ya kama ɓeran da dogon hantsaki, ya kai shi gaban hancinta. Macijiyar ta fito da harshe sau ɗaya, sau biyu, ta ja da baya, ta cusa kai cikin jikinta ta dunƙule.

Ya sake gwadawa. Ko motsi ba ta yi ba.

Hazim ya janye hannunsa daga akwatin. Ya zauna a kujera riƙe da hantsakin, idonsa ya yi ja. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Na dubi Teta na ga ita ma shi take kallo.

"Dole ta ƙi," ta ce da ƙarfi. "Abinci ba ƙamshi, ba ɗanɗano, ka zungura mata a hanci kamar mai ba fursuna. Wa ya koya maka karɓar baƙo? Ba dai ni ba. Kauce."

Ta ture hantsakinsa ta ɗauko nata awartakin da take ɗaukar garwashin turare da shi. Ta ɗebi romon kazar miyar lalo a ƙaramin kofi, ta hura, ta ɗiga a bayan hannunta kamar mai gwada madarar jariri. Kafin ya ankara ta kama ɓeran ta tsoma kansa a ciki.

"Teta! Gishiri zai yi mata illa!"

"Wane gishiri? Likitan nan marar imani ya raba ni da gishiri tun da jinina ya hau. Ruwan kaza ne zalla, abincin marasa gata."

Ta matsa kusa da akwatin, ta miƙa hannu iya tsawonsa, sauran jikinta yana neman hanyar ƙofa. Sai ta gyara murya, irin wadda take yi wa baƙon da ya ce ya ƙoshi.

"Bismillah, takwara. Ci mana."

Macijiyar na nan a dunƙule.

"Haba, loma ɗaya. Ko abincinmu ne bai kai ba?"

Kan macijiyar ya ɗan leƙo.

"Na rantse da Allah sai kin ci! Kunyar me kike ji? Nan gidanki ne!"

Hannun Teta rawa yake yi don tsoro, ɓeran kuwa sai ya dinga karkarwa a bakin awartakin kamar mai rai. Ban ga fitowarta ba. Ji kawai na yi an yi cak, ɓeran ya ɓace cikin naɗin jikinta, awartaki ya faɗi ƙasa, Teta kuma tana bayana ta riƙe rigata tana salati.

"Ta kama! Teta, ta kama!" Hazim ya durƙusa ya manna fuska a gilashi.

"Tashi daga nan, marar tarbiyya." Ta cire mayafin kafaɗarta ta lulluɓe akwatin. "Ana kallon baƙo yana cin abinci? So kake ta shaƙe?"

Muka zauna muna jira, miya na tafasa a hankali. Can Hazim ya ɗaga gefen mayafin kaɗan. Wutsiyar ɓeran kawai ta rage a bakinta, ita ma tana shigewa. Ya sauke mayafin, ya share ido da bayan hannu, sai ga tsohuwar fuskarsa ta tsokana ta dawo.

"To, Teta. Shi ke nan kuma."

"Shi ke nan me? Ta ci, ɗauke ta."

"In ɗauke ta? Ta ci abincin tukunyarki, daga hannunki. Ke kika koya mini wanda ya ci burodi da gishirin gida ba a korarsa. Mai gyaran famfon nan da ya ci shinkafarki sau ɗaya, har yau shi kike kira, alhali duk gyaran da ya yi ruwa ƙaruwa yake."

"Ba gishiri a romon nan. Da bakina na faɗa."

"Kin kuma rantse kin ce nan gidanta ne. Shi ma da bakinki."

"Haka ake ce wa kowane baƙo!"

"Da sunan Allah a ciki? Ummu Wa'il, kin ji ko ba ki ji ba?"

Na ce na ji, har mutanen hawa na biyu ma sun ji.

"Munafuka," in ji Teta. "Da lalona a hannunki kike cin amanata."

Ta dube shi, ta dubi akwatin da ke lulluɓe da mayafinta, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke sa ta riƙe haƙoranta da yatsa kada su zamo. Ta yi ta yi har hawaye suka zo, kuma ban yarda duka na dariya ba ne. Tun yana rarrafe take dafa wa yaron nan, ko ya ci a sama sai ya sauko ya ƙara. Na san abin da ke cin ta shi ne daga jibi ba mai turo ƙofar nan ya buɗe mata tukunya ba izini.

Ta tashi ta buɗe firiza. Ta jawo aljihun sama, wanda ko 'ya'yanta ba su isa su taɓa ba, ta kwaso tattabarun da take ɓoyo tun Babbar Sallah ta zube su a faranti.

"Waɗannan zan cusa musu shinkafa ka tafi da su, don na san a bariki wake za su yi ta ɗura maka. Zuba gawarwakinka a nan. Kuma ka rubuta ɓera a jikin robar da manyan baƙi."

"Ai sai ta zama roba ta farko mai faɗin gaskiya a gidan nan."

"Rufe mini baki. Nuna mini ɗumin ruwan nan kuma, a bayan hannuna, yadda zan gane."

Ya kamo hannunta ya ɗiga mata ruwan, ta gyaɗa kai.

"In ka zo hutu ka tarar ta fi ka ƙiba, kada ka yi kishi."

"Ba zan yi ba, Teta."

"Kuma ka dawo da ƙafarka ka ɗauki abarka. Ka ji ni ko? Ajiya na karɓa, ba gado ba."

Ya sunkuya ya sumbaci hannun. Ta fizge shi tana cewa bakinsa warin ɓera yake yi, amma ɗaya hannun nata yana riƙe da gefen rigarsa, ba ta saki ba.