Ranar da Aka Karrama Jatau

A wani gari da ake kira Babu-Kora, doka ta haramta a kori ma'aikaci. Masu kamfanonin garin mutane ne masu bin doka, don haka ba su korar kowa. Karramawa suke yi. A yanka rago, a kira makaɗa, a zura wa mutum babbar riga, a raka shi gida da guɗa. Daga ranar maigadi ba ya sake gane fuskarsa. Shi ya sa da an ji kalangu ya doso, sai ma'aikata su shige ƙarƙashin tebur.

Jatau ne ke kan injin matsar gyaɗa a Kamfanin Gumi-Namu. Rabonsa da albashi tun kakar bara. Ranar da mai gidan haya ya ɓalle masa ƙofar ɗaki ya tafi da ita, Jatau ya cire takalmi ya shiga ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, ko rabi ne a taimaka."

Manaja ya dube shi da sha'awa. "Jatau, ashe kana magana? Irinka bai kamata ya tsufa ba a karrama shi ba."

"A yi haƙuri, yallaɓai, ban kai ba. Wallahi ni malalaci ne."

"Ka ji tawali'u."

Washegari aka naɗa shi Garkuwan Hutu. Abokan aiki suka ci nama har da guzuri, suna taya shi murna ba sa haɗa ido da shi. Akantan kamfani ya raɗa masa cewa rago, riga da makaɗa sun cinye albashin da yake bi, yanzu kamfani ne ke bin sa kuɗin hula.

Da rigar a jikinsa ya zarce Kotun Share-Hawaye. Alƙalin, Mai Shari'a Bawa, sabon zuwa ne garin. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Wannan kora ce, ko da kakaki aka yi ta. Ka dawo gobe, sai sun biya ka har sisin kwabo."

Jatau ya fito kamar ya taka rawa, har ya fara zaɓen fentin sabuwar ƙofa. A gindin matakala ya yi kaciɓis da makaɗan nan, ɗaya na jan rago, ɗaya na rungume da riga a leda. Babbansu ya gane shi.

"Garkuwa, barka da hutawa. Don Allah, wanne ne ofishin sabon alƙali?"