Yatsan Likita Ya Dawo Mini da Yaji

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya na ci tsire da yaji a Ƙofar Durɓi, hawaye na zuba ina ta dariya ni kaɗai, har mai tsire ya fara ja da baya.

Shekara uku ke nan wani ciwo ya tare a gefen cibiyata, wuri ɗaya tak, kamar an kafa ƙusa. Bala mai kemis ko taɓa ni bai yi ba ya yanke hukunci: "Olsa ce, Malam Badamasi." A wurin Bala ko tuntuɓe ka yi, olsa ce. Nan take uwargida Iklima ta kafa dokar ta-ɓaci: ba yaji, ba tsami, ba soye. Wallahi na sha wuya, miyar gidanmu ta koma salam.

Sau huɗu ina zuwa asibiti a yi mini hoton ciki da injin da masu girma manyanmu, Allah shi ƙara musu tumbi, suka ƙaddamar da kiɗa da jawabi. Zuwan farko ba wuta. Na biyu janareto na jiran mai, mai kuma na jiran layi. Na uku mai makulli ya tafi taron bita. Na huɗu na leƙa ta taga, sai ga injin cikin ledarsa, tsaf, da jan ƙyallen da aka yanke. Wajen adana kaya dai, sai mu jinjina musu.

Shekaranjiya na faɗa hannun wata Dokta Fadila.

"Baba, nuna mini wurin da yatsa ɗaya."

Na nuna. Ta danna da yatsanta, ta ce in ɗago kai daga kwance in ɗaure ciki. Na saki salati.

"Ka ji ya ƙaru ko? Da a hanji yake, da raguwa zai yi. Wata 'yar jijiya ce ta maƙale a naman bangon cikinka."

Allura ɗaya ta yi mini a wurin. Kafin in lalubo hulata, ciwo ya kwashe kayansa.

"Likita, yaji fa?"

"Yaji bai yi maka laifin komi ba."

Na ce ta rubuta ta sa hannu, don Iklima ba ta aiki da umarnin baka.

Maƙwabcina Sammani ya ce, "Malam, rufa mana asiri, kada ka buga labarin nan. In manya suka ji, kwamiti za su kafa, a ƙaddamar da yatsan likitar, a naɗe shi a leda."

Iklima ta karanta takardar sau biyu, ta jawo turmi, ta hau daka barkono tana atishawa tana dariya. Ashe ita ma shekara ukun nan ba ta ɗanɗana yaji ba, don kada in ji ƙamshi raina ya biya. Ita kam ba wanda ya yanke mata jan ƙyalle, amma ko sau ɗaya ba ta ɗauke wuta ba.