Ƙanƙarar Hajiya Luba a Kwamin Karfasa

"...lafiya lau, maigidana. Ya iyalinka na ruwa?"

Hajiya Luba ce ke amsa gaisuwar jikanta Al-Amin a bayan gidansu na Nasarawa GRA, shekarar da aka fara raba maza da mata a motar haya. Mahaifinsa ya ba shi kwamin siminti ya gwada kiwon karfasa sau ɗaya tak, in bai yi ba a mayar da wurin garejin mota. Al-Amin ya rufe kwamin da leda don ruwan ya yi ɗumi. Yau kuwa ya tarar da ledar a yaye, ƙanƙara na yawo a saman ruwan.

"Tsohuwa, wa ya yi min gyaran gangar Auzinawa?"

"Ni ce. Na taɓa ruwan na ji kamar na wankan jego. Dafa bayin Allah za ka yi da ransu?"

"Da gangan na ɗumama shi! 'Ya'yan karfasa in sun taso a ruwa mai ɗumi, yawancinsu maza suke zama. In ya yi sanyi, matan su yi yawa."

"Oho! Har cikin ruwa ka kai Shari'a? Ko a bas ɗin ma kujerar baya aka ba mu, ba a ce mu koma maza ba."

"Namiji ya fi saurin girma, uwargida."

"Kai ma namiji ne, ga ka nan kamar tsinken tsire. Mulkin farar hula ake, ka tambayi kifin ra'ayinsu?"

"Su matan ƙwai suke ɗauka a baki, su ƙi cin abinci, su tsaya ƙanana."

Hajiya ta dubi jikinta. Ita ma 'yar firit ce, da kyar take kai kafaɗarsa.

"Ka ce 'yan uwana ne. Tara na haifa, ubanka kaɗai ya cinye min kamu guda na tsayi."

Al-Amin ya tuntsire da dariya, amma idonsa na kan ƙanƙarar. Ta lura. Ta shiga ciki, ta fito da hitar da take ɗumama ruwan alwala da ita, wadda ko ɗanta ba ya taɓawa.

"Ungo, raggon miji. Yi mazanka. Amma ka bar min mace ɗaya, in samu wadda za mu riƙa yi da kai."