Muryar Mace A Ofishin Malamai

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarata ta biyu ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a wajen Nariya. Har yau in ta faɗo min a rai sai gumi ya karyo min.

Ni ɗan Rano ne, amma ɗaki na kama a can saboda babur ɗina ya tsufa da zirga-zirga. Da an tashi makaranta kowa sai ya watse, mai iyali ya nufi gida, mai gona ya nufi gona. Ni kuwa abokan hirata wasu mawaƙan Jamaika ne da ba su san da zamana a duniya ba.

Kawuna ne ya jawo min. Direban babbar mota ne, Kano zuwa Ikko, kuma da ya rasu kwalin kaset ɗinsa ne ya zo hannuna, na kai Kano aka juye min a memori. Rokstedi ake ce wa kiɗan, shi ya haifi rege tun kafin zamanin tara gashi. A hankali yake tafiya, kamar mai ɗauke da tulu a cike. Maza uku ne cikin kwat: ɗaya ya ja baiti, biyu na amshi, wannan da siririyar murya can sama, wancan da ƙatuwa can ƙasa. Yawanci kukan wanda aka yaudara suke yi, amma da daɗi har ka so a yaudare ka. (Na taɓa sa wa malamin lissafi. Ya saurara ya saurara, ya ce, "To, yaushe za su fara?" Malamin addini kuwa da jin kalmar rege sai ya leƙa idona ko ya yi ja.) Daga nan na daina sa wa kowa.

A lokacin ina neman auren Hauwa'u, ma'aikaciyar jinya a Rano. Mahaifinta ya ce sai an yi bincike a kaina. Na shiga taitayina: sahun farko a masallaci, gaisuwa har ƙasa, hula kullum a karye. Ranar da za a zo ce kawai ban sani ba.

Ran Larabar, bayan azahar, na tura ƙofar ofishin malamai na sa sakata don in duba takardun jarrabawa. Wayata ba caji. Shiru ya ishe ni, sai na ce bari in yi da bakina. Amma waƙar mutum uku ce, ba ta tsayuwa da ɗaya. Sai in ja baiti a gaban tebur, in yi tsalle bakin taga in amsa da siririyar murya, in koma jikin kabad in yi gurnanin ta ƙasa. Dasta a hannu matsayin makirfo. (Na ma riƙe ƙugu a wajen siririyar, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce.)

Sai na ji an buga ƙofa. "Malam, buɗe!"

Shugaban makarantarmu ne, tare da Baffa Isiyaku, ƙanin mahaifin Hauwa'u, da wani dattijon malami mai carbi. Na durƙusa ina "Sannunku da zuwa, Baffa," bai ko dube ni ba. Ya shige ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya buɗe kabad, ya duba taga ya ga akwai ƙarafa.

"Ina take?"

"Wa, Baffa?"

"Matar da muka ji. Da ƙaton da ke tare da ku."

Na ce, "Ni ne."

"Kai ne wa a ciki?"

"Duka, Baffa."

Shugaba, bawan Allah, ya so ya wanke ni daga zargin mace, sai ya ce, "To, Malam, yi su ji." Na dube shi da roƙo. Baffa ya harɗe hannu. Ba mafita. Na sunkuyar da kai, da gemuna da komai, na saki siririyar muryar nan a gaban surukin da ban kai ga samu ba. Ta fito kuwa tsaf, ban taɓa yin ta da kyau kamar ranar ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon ya ja da baya yana ta'awwuzi. Ya tambaye ni a hankali, "Tun yaushe suke zuwa maka?"

Na shiga bayani, cewa mutane ne, 'yan wani tsibiri can bayan teku. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Ai dama na ruwa sun fi naci."

Baffa dai da za su fita cewa ya yi, "Da ma macen muka samu, da mun san abin da za mu gaya wa Yaya."

Bayan mako guda Hauwa'u ta kira ni. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce Baba ya ce a dakata. Dakatawar nan ita ta kai ta gidan wani ɗan kasuwa a Kano, Allah ya ba su zaman lafiya. Ban riƙe kowa ba. Abin da ya tsaya min shi ne maganarta ta ƙarshe: "Wata biyar kana zuwa zance, kullum labarin jarrabawa. Ai da ka gaya min, da na karɓar maka siririyar."

Na daɗe da wayar a kunne bayan ta kashe.

Don haka ɗan'uwa, in kana da taka haukar, kar ka ɓoye ta da sunan kamala. Fara nuna wa wadda za ka aura, tun kafin baffanta ya zo ya gani kyauta.