Daraktan Jirgin Ƙasan Madawa

Duk wanda ya ce babu jirgin ƙasa a Madawa bai shiga falon Mushe Alƙasim Maiguwa ba (Mushe, wato Malam da Faransanci). Allah ya yi wa garin baiwa da wannan bawa nasa. Sati uku ya yi a Turai wajen wani kwas, shekara goma sha biyu ke nan, har yau bai gama dawowa ba. Abin da ya zo da shi kuwa ya fi digiri: kan jirgi biyu, kowanne tsawon tafin hannu, da taragu tara, da layin dogon da ya kewaye tebur. Ya manna wa tashoshi suna, Madawa, Buza, Keita, ya gina dutsen kwali ya huda masa rami. 'Yan unguwa suna kiransa Darakta. Shi a zatonsa girmamawa ce.

Bana ƙungiyar manoman albasa ta tashi zaɓen shugaba. Darakta bai taɓa dasa ko ƙwaya ɗaya ba, garkar gado ce wasu ke noma masa, amma kujerar nan ta shiga ransa har ya rame. Abokin takararsa, Jima, bai san komai ba, wai sai rijiya da iri da direbobin kamyo, manyan motocin kaya. Don haka ana gobe zaɓe, bayan la'asar, Darakta ya gayyato dattawa goma sha ɗaya masu jefa ƙuri'a, daga Galma har Karofane, su ga makomar albasa da idonsu.

Ya tarbe su cikin kwat, zafin nan na watan huɗu yana dafa shi.

"Ku duba da kyau," in ji shi. "Wanga shi aka kira numerik. Kowane kan jirgi da lambatai. In danna ta cikin salula, shi tashi, ɗan'uwanshi na tsaye. A Turai ba a taɓa jirgi da hannu. Tura abu da hannu aikin jahilai na."

Dattawa suka gyaɗa kai. Ya ji daɗi, ya shiga batun wuta.

"Kuran na gari, ban yarda da shi ba. Gurup kuwa, injin wuta ke nan, wutatai na hawa tana sauka, sai ta ƙone mini ƙwaƙwalwar jirgi. Ni panno mai zuƙar hasken rana da batir niz zaɓa. Wutag ga tawa ta ishi Adar baki ɗaya!"

Nan ne idon tsoho Ɗangana na Karofane ya buɗe. "Alhamdu lillahi," ya ce, ya jawo jakarsa. Kowa ya sani, mutumin ƙauye ba ya zuwa birni da salularsa kaɗai. Akwai ta liman, da ta maƙwabci, da ta suruki, duk a mace, an ba shi amana. Sauran dattawan ma haka. Kafin Darakta ya haɗiye miyau, salula ta haura talatin a jikin batirinsa, wayoyi sun sarƙe, har da rediyo da cocila biyu. Rana kuma ta riga ta kauce daga kan panno.

"Ku sa, ku sa," in ji Darakta.

Ya danna lamba. Jirgi ya tashi daga Madawa da ɗan kukansa, dattawa suka yi kabbara. Ya wuce Buza yana jan ƙafa. Ya shiga ramin dutsen kwali, bai fito ba. Batir ya kama tsuwa.

Darakta ya san maganin sarai: a zare salulolin. Ya dube su, ya ga kowace waya ƙuri'a ce rataye. Ta wa zai fara zarewa, ta limamin Galma? Tsoro ya kama shi, gumi ya jiƙa kwat. Sai ya matsa a hankali, yana bayani kan ci gaba, ya zura yatsa ta bayan dutse ya tunkuɗo jirgin.

Ɗangana bai da haƙori, amma idonsa garau.

"Haba Darakta, kai kaɗai? Bari mu kama ma. Mun saba, haka mukai ma motar kasuwa kullum."

Dattawa suka taso da zuciya ɗaya, kowa ya sa yatsa. Wani yana cewa a bi sannu akwai gangare, wani yana neman wanda zai sa dutse a bayan taya. Haka suka kai jirgin Keita lafiya, suka yi wa juna barka da isowa, suka kwashi salulolinsu suna sa masa albarka.

Washegari Jima ya cinye ƙuri'a goma sha ɗaya cif. Amma dattawa ba butulai ba ne. Nan take suka ƙirƙiro sabon muƙami, suka naɗa Mushe Alƙasim Sakataren Cajin Salula na ƙungiya, ba hamayya.

Ran Darakta ya ɓaci. Can ya gyara wuyan kwat, ya tambaya ko muƙamin yana da hatimi.